Kibiyar da ke Gudu Hagu: Nazarin Wani Mai Koyon Harbi da Idonsa Ya Saɓa wa Hannunsa

Ɗan yayata na da shekara 15 lokacin da ya fara bina filin harbi ranar Asabar da safe. Fili ne a bayan gari, akwai tudun ƙasa a ƙarshensa da ke tare duk kibiyar da ta wuce, a nan mu 'yan kaɗan masu sha'awar kwari da baka muke kafa allo mu yi harbi kafin rana ta yi zafi. Ba ni na ja shi ba. Shi ya yi ta naci, kullum "Kawu yaushe za ka tafi da ni," har uwarsa ta ce in ɗauke shi ko ta samu ta huta. Abin da ya same shi a makonnin farko yana samun masu koyon harbi da yawa, na baka da na bindiga, kuma sau tari ba a gano shi sai bayan mai koyon ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa shi ba shi da hannu.

Yaro ne mai amfani da dama. Da dama yake rubutu, da dama yake jifa, da ƙafar dama yake buga ƙwallo. Don haka ban tsaya wani tunani ba na miƙa masa bakan dama, irin na zamani mai gaɓa uku da ake haɗawa a kwance, nauyin jansa laba 18, wato kilo 8 da 'yan kai. Ga wanda bai saba ba, bakan dama shi ne wanda ake riƙewa da hagu a ja tsirkiya da dama. Hannun da ke ja shi ke ba baka suna. Idan maharbi ya ja har yatsansa ya taɓa gefen bakinsa, gindin kibiya yakan zauna a ƙarƙashin idon dama, kuma da wannan idon ake so ya yi saiti. Ido, tsinin kibiya, tsakiyar allo, duk a layi guda.

Daga mita 10 muka fara. Ranar farko kibau suka watse ko'ina, wannan kuwa bai dame ni ba, haka kowa ke farawa. A mako na biyu hannunsa ya fara zama. Tsayuwarsa ta yi kyau, kafaɗarsa ta sauka, kibau suka fara taruwa wuri guda. Sai dai wurin da suke taruwa ba a jikin allo yake ba. In ya harba shida, huɗu ko biyar za su wuce allon ta hagu su kafe a jikin tudu, kusa da juna kamar an dasa su, wajen kamu biyu daga inda ya nufa. Ragowar ɗaya ko biyu kuma sai su zo su zauna a cikin ja, wani lokaci har cikin rawayar tsakiya.

Waɗannan ɗaya ko biyun su suka ruɗe ni. Na ɗauka su ne harbinsa na gaskiya, sauran kuwa kuskuren hannu ne. Sai na shiga bin abubuwan da aka sani suna kai kibiyar mai bakan dama hagu. Kibiyar da ta yi wa baka tauri takan karkata hagu, na canza masa masu laushi. Matse mariƙin baka yakan murɗa shi, na ce ya sassauta yatsu, na ɗaura masa igiya a wuyan hannu don kada ya ji tsoron baka zai faɗi. Na duba ko tsirkiya na dukan hannunsa ko rigarsa. Na sa shi ya yi ta maimaita sakin tsirkiya har yatsunsa suka yi ja. Ko wanne gyara ya ƙara masa kyau, kuma ko wanne ya ƙara matse tarin kibau ɗin nan a wuri guda, a hagu, a jikin tudu.

Mako uku muka yi a haka. Abin da ya fi damuna yanzu in na tuna shi ne yawan "ka nutsu" da "ka duba da kyau" da na gaya masa. Yaron yana dubawa da kyau. Abin da idonsa ya nuna masa shi yake harba, daidai kuwa. A ƙarshen Asabar ta uku, muna tsince kibau daga tudu, ya ce da ni ba tare da ya ɗago kai ba, "Kawu, ƙila ni dai ba ni da hannu. Ka daina ɓata kibanka." Yaron da ya yi wata guda yana naci.

Wani dattijo da muke harbi tare, tsohon soja ne da ya yi ritaya, shi ya ga abin da na kasa gani. Ya daɗe a tsaye bayan yaron yana kallo, sannan ya kira ni gefe ya ce, "Malam, bar hannun nan haka, ka dubi kansa." Na koma baya na duba. Duk lokacin da yaron ya ja tsirkiya, sai kansa ya kwanta dama a hankali, hancinsa ya nemi tsallake tsirkiya, kamar mai leƙen wani abu ta bayan ƙyaure. Idon hagu ne ke neman hanyar da zai hau kan kibiya. Ni da nake tsayawa a gefe kullum ina kallon gwiwar hannu da yatsu, ban taɓa lura ba.

Nan take muka ajiye baka. Dattijon ya ce yaron ya miƙa hannuwansa biyu gaba, ya haɗa tafuka ya bar ɗan rami a tsakiya kamar girman bakin kwalba, ido biyu a buɗe, ya dubi hancin dattijon ta cikin ramin. Na tsaya kusa da dattijon na leƙa. Ido ɗaya ne kawai ya bayyana a cikin ramin, na hagu. Muka ce ya ja hannuwan a hankali zuwa fuskarsa ba tare da ya daina kallo ba, suka sauka a idon hagu. Muka huda takarda muka sake, hagu. Muka ce ya nuna kan wata bishiyar darbejiya da yatsa, ya rufe ido ɗaya bayan ɗaya: in ya tare na dama da tafi yatsa na nan a kan bishiyar, in ya tare na hagu sai yatsa ya yi tsalle gefe. Sau biyar muka gwada, da hannun dama da na hagu, amsa ɗaya ce.

Abin da ke faruwa a cikin kai

Ido biyu ba daga wuri ɗaya suke kallo ba. Tsakanin ƙwayar ido da 'yar'uwarta a babban mutum akwai wajen santimita 6 da 'yan kai. In mutum ya zuba wa abu mai nisa ido, duk abin da ke kusa da fuskarsa, yatsa ne ko tsinin kibiya ko bakin bindiga, biyu yake fitowa, sai ƙwaƙwalwa ta zaɓi hoto guda ta yi aiki da shi ta danne ɗayan. Idon da take yawan ɗaukar nasa shi ne ido mai rinjaye. Ba sabon sani ba ne: gwajin nuni da yatsa da muka yi, masanin nan na Italiya Giambattista della Porta ya yi bayaninsa tun 1593. Kuma rinjaye daban, ƙarfin gani daban. Ido na iya rinjaye alhali ɗan'uwansa ya fi shi gani garau.

Wajen mutum tara cikin goma da dama suke aiki, amma wajen biyu cikin uku ne kawai idon damansu ke rinjaye. A 1996 wasu masana uku, Bourassa da McManus da Bryden, sun tattara binciken da aka yi a baya kan wannan batu, suka samu cewa kusan 35 cikin 100 na masu amfani da dama idon hagu ne ke rinjaye a gare su, a cikin bahagwai kuwa kusan 57 cikin 100. Ke nan in masu koyo goma suka tsaya a layi, babu mamaki a samu uku da hannunsu ke gefe guda idonsu na wani gefen. A rayuwar yau da kullum babu abin da yake hanawa. Mutum zai yi noma, ya yi tuƙi, ya yi ɗinki har ya tsufa bai sani ba. Sai ranar da aka ce ya jera abu biyu a layi guda da ido, na kusa da na nesa.

Na zauna da biro na yi lissafin tazarar da muke gani a tudu. Daga idonsa zuwa tsinin kibiya in ya ja, wajen santimita 70 ne. Kibiya na kwance a ƙarƙashin idon dama, amma da na hagu yake ɗora tsini a kan allo, daga santimita 6 gefe. Wannan 'yar karkata, in aka miƙa ta zuwa mita 10, ta haura santimita 80. Kamu biyun nan ke nan da muke ta aunawa. A mita 18, inda ake gasar cikin ɗaki a kan takarda mai faɗin santimita 40, ta kai mita ɗaya da rabi. Su kuma kibau ɗaya ko biyu da ke shiga tsakiya, su ne lokacin da idon dama ya samu ya karɓi aikin na ɗan lokaci. Ashe tari biyu yake yi, na idon hagu da na idon dama, ko wanne kuma mai kyau. Mai harbin da hannunsa bai zauna ba kibansa watsewa suke yi. Wanda nasa suka taru a wurin da ba a nufa ba, hannunsa lafiya lau, a nemi matsalar wani wuri.

Kakannin yaron nan maharba ne, kuma na sha tambayar kaina yadda suka yi da wannan matsala. Bakansu sanda ce da aka lanƙwasa, ba ta da gefen dama ko na hagu, kibiyar kyauro, harbin kuma na kusa ne, bayan an yi sanɗa an matso dabba. Ba sa tsayawa jera tsini da ido yadda muke yi. Suna kallon nama su saki, kuma harbi dubbai tun daga ƙuruciya ya riga ya koya wa jiki inda kibiya za ta. A ganina irin wannan harbin yana haɗiye saɓanin, shi kuwa harbin allo da saiti tona shi yake yi.

Kafin mu yanke wata shawara sai da na kai shi asibitin ido. Dalili shi ne, wani lokaci ido na rinjaye ne don ɗayan yana da rauni tun yarinta ba a sani ba, in kuwa haka ne, toshe mai lafiyar a bar mai raunin ya yi saiti wahalar banza ce. An gwada shi, duka biyun garau.

Abin da muka gwada

Mafi sauƙi shi ne a rufe idon hagu lokacin saiti. Babu aibi a ciki. A harbin allo nisa sananne ne, mita 18 ko 30 ko 70 na gasar Olamfik, ba a buƙatar ido biyu don ƙiyasta shi, kuma akwai maharba da yawa da suka yi nisa da ido ɗaya a rufe. Amma yaron bai iya ƙifta idon hagu shi kaɗai ba. In ya matsa sai na daman ma ya kanne, kumatu ya ɗaga, gefen bakin da yatsa ke sauka a kai ya gusa daga inda yake. Bayan kibau talatin ya fara cewa goshinsa na ciwo.

Sai muka koma dabarar masu harbin bindiga. Na samo tabarau mara magani, na sa shi ya ja roba kamar yana jan tsirkiya, na manna ɗan guntun salatif mai hazo, bai wuce girman farcen babban yatsa ba, daidai inda ƙwayar idon hagu ke kallon allo. Mai hazo ake so, ba baƙi ba. Ƙwayoyin ido biyu tare suke buɗewa tare suke tsukewa, in aka jefa ɗaya cikin duhu ɗayar ma sai ta ɗan buɗe, ganin ya rage kaifi. Hazo yana barin haske ya shiga, hoton kawai yake ɓatawa, ƙwaƙwalwa ta rasa abin kamawa a hagu ta koma dama. Masu gasar bindigar iska a mita 10 suna amfani da irin wannan shamaki, har hukumar wasan ta duniya ta kayyade faɗinsa kada ya wuce milimita 30.

Harbi shidan farko da tabarau, duk shida a jikin takarda. Ban manta yadda ya juyo ya dube ni ba. Bai ce komai ba, ya ruga ya cire su, ya dawo ya sake.

Da a nan muka tsaya, da ba a yi laifi ba. Mun yi wata guda a haka yana ci gaba. Amma ƙananan abubuwa suka yi ta taruwa. Zufa na gangarowa kan gilashi, ƙurar hunturu na manne masa, tsirkiya na gogar ƙarfen tabarau in ya juya kai sosai. Ranar da ya manta shi a gida, kibau suka koma tudu kamar ba a taɓa gyara komai ba. Kuma ko da tabarau, in ya gaji kan nan yakan fara kwantawa, idon hagu na neman leƙowa ta gefen salatif. Na ga rinjayen nasa mai ƙarfi ne, ba irin na waɗanda idanunsu ke karɓa-karɓa ba. Shekararsa 15, duk abin da ya zuba a hannun dama bai kai wata biyu ba. Na ce a raina, in har za a sauya, yanzu ne, kafin jiki ya haddace.

Dattijon nan ya goyi bayan haka, ya ce a soja ya ga kurata da yawa da suka sha wuya a filin harbi ana ce musu ragwaye, alhali ido ne. Akwai binciken da ya dace da maganarsa: an bi kurata 308 a sansanin Fort Benning na sojan Amurka, aka wallafa a 1996, aka ga waɗanda idonsu da hannunsu ke gefe guda kusan 86 cikin 100 sun ci jarrabawar harbin bindiga, masu saɓani kuwa kusan 56. Amma ko a bindiga abin ya danganta da irinta. Ƙaramar bindigar hannu babu wuya, a ɗan gusa ta ƙarƙashin idon hagu shi ke nan, tunda ba a kafaɗa take ba. Doguwa mai madubin saiti, shamaki ya wadatar. Wadda ta fi wahala ita ce ta harbin tsuntsu a sama, domin a can ana buƙatar ido biyu a buɗe don bin abin da ke tafiya, ido kuma shi ne ke tsayawa a madadin abin saitin da ke bayan bindiga. Har maƙeran bindiga na Ingila sukan yi wata mai lanƙwasasshen gindi, a ɗora a kafaɗar dama bakinta ya zo gaban idon hagu, saboda waɗanda suka rasa idon dama.

Maganar gida

Ban zaci inda turjiya za ta fito ba. Da yaron ya koma gida ya ce Kawu zai mai da shi harbi da hagu, washegari mahaifinsa ya kira ni. Mutum ne mai sanyin hali, muna girmama juna, amma ranar muryarsa ta canza. Ya ce, "Malam, wasa na ba ka shi ku yi, ban ce ka mai da mini yaro bahago ba."

Na je gidan da yamma. Ban ɗauki maganarsa da wasa ba, domin na san daga inda ta fito. Mun tashi an koya mana ci da dama, sha da dama, bayarwa da karɓa da dama, kuma koyarwa ce ta addini da ladabi da ni ma nake yi wa 'ya'yana. Yaron da ya miƙa wa babba abu da hagu, iyayensa ake zagi. Muna cikin magana sai Yaya ta faɗi abin da ban taɓa sani ba. Ta ce lokacin da yaron yake rarrafe har ya fara tafiya, da hagu yake kai hannu akushi, da hagu yake karɓar abu, sai da suka yi ta mayar da shi kafin ya zauna a dama. Ban ce wannan ne ya jawo ba, tunda ga mutane da yawa da ba su taɓa zama bahagwai ba kuma idon hagunsu ke rinjaye. Amma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa cewa hannun hagun nan ba zai yi gardama sosai ba.

Abin da ya warware maganar ɗan ƙarami ne. Na ɗauko baka daga mota na ce, "Alhaji, riƙe ka gani." Na nuna masa cewa harbin baka aikin hannu biyu ne, babu wanda ke zaune. Yadda yaron yake yi a da, bakan a hannun hagu yake. In ya sauya, bakan zai koma hannun dama, shi zai ɗaga shi, shi zai nuna allo da shi, hagu tsirkiya kawai zai ja. Ba cokali ba ne, ba alƙalami ba ne, ba gaisuwa ba ce. Ya jujjuya bakan a hannunsa, ya yi shiru, can ya ce, "To, ban da cin abinci." Na ce ban da cin abinci.

Sauyin kansa

Gaɓoɓin sama da ƙasa na irin wannan baka suna hawa ko wanne mariƙi, amma mariƙin tsakiya an yanke masa taga a gefe guda inda kibiya ke kwanciya, don haka sai an sayi na hagu. A nan muka sha jira. Na dama ne cike da hannun masu sayarwa, na hagu sai an yi oda. Mako biyar kafin ya iso, kuma jiran ya yi mana amfani, domin a cikinsa bai taɓa kibiya ba. Na yanko masa robar tayar keke, yana ja da hagu a gaban madubi safe da yamma, yana kai yatsa gefen baki na hagu, yana koyon jan da naman baya maimakon damtse.

Da mariƙin ya zo muka koma mita 5, babu takarda, buhu kawai. Makonni biyun farko sun yi masa ɗaci. Ɗora kibiya a tsirkiya, abin da yake yi ba tare da ya duba ba, ya koma yana laluben sa kamar mai saka zare a allura da dare. Kibiya na zamewa daga mazauninta tun kafin ya gama ja. Gwiwar hannun dama ba ta san ta juya ta ba tsirkiya hanya ba, sai da ta yi masa shaida a dantse, shuɗi-shuɗi, duk da fatar kariya. Yatsun hagu ba sa sakin tsirkiya tare, na tsakiya yakan makara. Da muka koma mita 10, makinsa ya faɗi ƙasa da wanda yake samu da tabarau, ya kuma zauna a ƙasan har wajen mako shida.

A mako na huɗu ya ce shi dai a mayar masa da tabarau. Ban hana shi ba, na ce ya ba ni Asabar uku, in babu canji mu koma, kuma da gaske nake. A ranar ce na ba shi labarin Károly Takács, sojan ƙasar Hangari, gwanin harbin ƙaramar bindiga, wanda gurneti ya fashe masa a hannun dama a 1938. Ya koma ya koya da hagu a ɓoye, a 1939 ya ci gasar ƙasarsu. Yaƙin duniya ya hana wasannin Olamfik na 1940 da 1944, ya jira, ya ci zinare a Landan a 1948 yana da shekara 38, ya sake ci a Helsinki a 1952. Labarinsa na rashin hannu ne, ba na saɓanin ido ba, na kuma gaya wa yaron haka. Abin da nake so ya ɗauka guda ne: hannu yana koyo. Babban mutum da ya shekara da shekaru a dama ya koya wa hagu, balle shi mai wata biyu. Ido kuwa ba kasafai yake barin rinjayensa don an matsa masa ba, sai dai a yi ta tsare shi.

Abin da na fara gani ya gyaru ba maki ba ne, wuyansa ne. Kansa ya miƙe tsaye, ya daina leƙe. Fuskarsa ta saki, ido biyu a buɗe, babu yamutsa goshi. Yana ja, tsirkiya na zuwa inda take zuwa, kibiya na ƙarƙashin idon da ke son ta. Kuskuren da ya rage ya koma na sama da ƙasa da na sakin yatsu, irin wanda maimaici ke gogewa. A Asabar ta uku da muka yi alkawari bai tada maganar tabarau ba, ni ma ban tada ba. Zuwa wata na uku ya wuce inda yake a da, kuma ya daina samun ranakun nan da komai ke rushewa ba dalili.

Ba kowa zan ba wannan shawarar ba. Bayan abin ya faru duk muka gwada kanmu a filin, sai ga wani abokin harbinmu, mutum mai shekara hamsin da wani abu da ya fi shekara goma yana jan baka da dama, shi ma idon hagu. Shi yana iya kanne ido ba tare da fuskarsa ta motsa ba, haka yake yi tun farko bai san dalili ba, kuma yana cikin waɗanda suka fi mu maki. Da ya tambaye ni ko ya sauya, na ce kada ya soma. Kafaɗarsa da bayansa sun ginu a gefe guda, kayansa duka na dama ne, abin da zai samu bai kai abin da zai zubar ba. Haka wanda rinjayen idonsa mai rauni ne, ɗan salatif ya ishe shi. Wanda kuma hannunsa ɗaya ke da tsohon ciwo, hannun ne zai yanke hukunci, ba ido ba. Abin da ya sa sauyi ya dace da ɗan yayata abu huɗu ne da suka haɗu a kansa: rinjaye mai ƙarfi, kasa ƙifta ido ɗaya, ƙuruciya, da kuma cewa bai riga ya zuba komai a dama ba.

Yanzu yana harbi a mita 30 da baka mai laba 24. Matsalar da muke fama da ita ita ce yatsan tsakiyan nan na hagu da har yanzu yakan makara in ya gaji, sai kibiya ta yi rawa kafin ta daidaita. Kwarinsa ya koma ƙugun hagu, amma wani lokaci in hankalinsa ya tafi sai ka ga hannun ya je ƙugun dama yana lalube. Tsohon mariƙin na dama yana wurin ƙanwarsa, wadda ta fara binmu bayan sallah. Kafin ta taɓa shi, yayanta ne ya huda takarda ya miƙa mata, ya ja baya taku biyar ya ce ta dubi hancinsa. Idon dama ne ya fito a ramin.